Ƙurajen Balaga: Abin da Ya Same Ni da Yadda Na Tari na Ɗana

Ni haifaffiyar Argungu ce, a can na tashi, a can na yi karatu har na kammala kwalejin horar da malamai, yanzu kuma ina koyar da kimiyyar halittu a wata makarantar sakandaren 'yan mata a Birnin Kebbi. Na yanke shawarar rubuta labarina ne saboda babu zangon karatun da zai wuce ban ga yarinya ta dawo daga hutu da fuskar da man haɗi ya ƙona ba, kuma duk wadda na ja gefe na tambaya amsarta ɗaya ce, wato ƙuraje ne suka fito mata aka ba ta magani. Ni ma ta wannan hanya aka bi da ni, kuma sai da na kai shekara 19 kafin wani ya zaunar da ni ya gaya mini cewa ƙurajen balaga ciwo ne wanda likitoci suka san sababinsa kuma suka san maganinsa, sai dai maganin ba ya nuna aikinsa a cikin mako guda.

Ƙurajen sun fara fito mini a shekarar 2000, ina da shekara 13, ina aji biyu na ƙaramar sakandare a makarantar kwana. Da farko ƙanana ne a goshi, masu farin kai da masu baƙin kai, waɗanda ba a lura da su sai an matso kusa, amma kafin shekara ta zagayo sun sauko kumatu da haɓa, sun zama manya masu tauri da zafi, wasu su yi ruwa su fashe, wasu kuma su zauna a ƙarƙashin fata makonni ba su nuna ba. A watannin bazara, lokacin da zafin ƙasar Kabi ke haura digiri 40, fuskata takan yi ƙyalli da maiƙo tun kafin a fita tara, ƙurajen kuma su bazu har kafaɗa da gadon baya, inda ba na ganinsu sai dai in ji su idan na kwanta.

Da na koma gida hutu, kakata ta wajen uba ta kama haɓata ta juya fuskar wajen haske ta ce, “Kishiya, mi as samu huskakki haka?” Kafin in buɗe baki Inna ta amsa mata cewa balaga ce, a ƙyale ni, idan na yi aure za su wuce. Inna ba da mugun nufi ta faɗi haka ba, abin da ta ji daga nata iyayen ke nan. Kowa a gidan yana da nasa bayanin. Wasu suka ce cin ƙuli-ƙuli da gyaɗa ne, aka hana ni su, har miyar da aka sa wa man gyaɗa da yawa sai a ce in rage. Wasu suka ce dattin ciki ne, aka jiƙa mini sassaƙe masu ɗaci na sha, cikina ya ɗure ya sake, fuska tana nan yadda take. Wasu kuma suka ce ƙazanta ce, alhali a duk ɗakin kwananmu babu wadda ta kai ni wanke fuska.

Wanda ya fi yi mini ciwo a cikin bayanan nan shi ne wanda ba a faɗa a gaban manya, amma kowace yarinya ta san shi, wato cewa ƙuraje alamar sha'awa ce, wadda suka yi wa yawa to zuciyarta ta fara tunanin maza. Yarinya mai shekara 14 ba ta da bakin kare kanta daga irin wannan magana, domin ko musawa ta yi an ce ta tabbatar. Na daina ɗaga hannu a aji ko da na san amsa, saboda ɗaga hannu yana sa kowa ya waiwayo. Na riƙa jan hijabi har ya rufe rabin kumatuna, ina zama a layin baya a Islamiyya, idan kuma ana biki a dangi aka kira mai hoto sai in sami aikin yi a madafa. A hotunan auren yayyena mata biyu babu inda na fito, kuma har yau idan aka ɗauko su ana kallo wani yakan tambaya ko ba na gari ne a lokacin. Manya suna ganin abin wasa ne tunda ba ya kwantar da mutum, amma ni na san abin da ya cinye mini na karatu da na walwala, kuma yanzu da nake tsaye a gaban allo ina gane irin wannan zaman a layin baya tun daga bakin ƙofa.

A makaranta kowace babbar ɗaliba likita ce. An matsa mini lemun tsami a fuska, an ɗiga mini makilin a kan kowane ƙurji na kwana da shi, an sa ni sirace da ganyen dogon yaro, an ce in dirje da sabulun salo da soso har sai na ji zafi, wai zafin shi ne alamar yana aiki. Ranar Asabar bayan wanki mukan zauna a inuwa ana matse wa juna ƙuraje da farce. Duk inda aka matse sai ya bar baƙin tabo wanda ya fi ƙurjin daɗewa, har ya kai ga tabban sun fi ƙurajen yawa a fuskata.

A shekarar 2004 wata gwaggona da ke zuwa fatauci ta ga halin da nake ciki ta tausaya mini, ta kawo mini wani mai a cikin ƙaramar roba marar rubutu, ta ce wata mata ce ke haɗa shi, amare ma shi suke shafawa. Ba zan ɓoye ba, makonnin farko na ga abin da ban taɓa gani ba. Ƙurajen suka kwanta, tabban suka dushe, fatata ta yi haske da santsi, ƙawayena suka riƙa tambayata abin da nake shafawa, Inna kuma ta yi ta sa wa gwaggo albarka. Idan robar ta ƙare a aika a sayo wata. Bayan wasu watanni sai wasu irin ƙuraje suka ɓullo, ƙanana masu kama ɗaya, a jere cunkus a goshi da gefen baki da wuya, masu ƙaiƙayi. Fatar kumatuna ta yi siriri har ana hango jijiyoyi a ƙarƙashinta, gashi ya fara tsirowa a gefen fuskata, idan na shiga rana kuma sai in ji kamar an watsa mini barkono. Fuskata ta yi fari, wuyana da kunnuwana suna nan da kalarsu ta asali, kowa ya gan ni ya san na shafa wani abu. Idan na daina shafawa na kwana biyu sai fuskar ta kumbura ta yi zugi, dole in koma. Da aka gaya wa mai haɗawa sai ta ce dattin da ke ciki ne yake fitowa, ta ƙara wa haɗin ƙarfi.

Yayana namiji, wanda yake aiki a Sakkwato a lokacin, shi ne ya zo gida a damina ta 2006 ya dube ni ya ce wannan ya wuce balaga. Ya nemi izinin Baba ya tafi da ni Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, muka yanki kati, aka tura mu wajen likitan da ke duba masu ciwon fata. Tambayar farko da ya yi mini bayan gaisuwa ita ce, “Malama, me kike shafawa?” Na miƙa masa robar. Ya buɗe ya duba, ya ce ba zai iya sanin duk abin da ke ciki da ido ba, amma fuskata ta riga ta gaya masa akwai siteroyid mai ƙarfi, irin su kilobetasol ko betametason, waɗanda aka yi domin wasu cututtukan fata na daban, ake shafa su na ɗan lokaci kaɗan bisa umarnin likita. Ya ce masu haɗi suna matse irin waɗannan mayukan a cikin man shafawa saboda suna kwantar da kumburi nan take kuma suna sa fata haske, wanda ya saya ya ga aiki cikin kwanaki ya dawo da kuɗinsa, amma idan aka daɗe ana shafawa su da kansu suna haifar da ƙuraje, su sirantar da fata, su kawo nankarwa, su kuma sa fatar ta saba da su har ta kasa zama babu su.

Daga nan ya ɗauki takarda ya zana mini yadda ƙurji ke samuwa, kuma wannan zanen shi nake maimaita wa ɗalibaina har yau. A gindin kowane gashi na fuska akwai 'yar jakar da ke samar da maiƙo domin fata ta yi laushi. Idan yaro ko yarinya suka fara balaga, sinadaran jiki da ake kira androjin suna ƙaruwa, su sa jakunkunan nan su girma su riƙa zubo da maiƙo fiye da da. Maiƙon yakan haɗu da matattun ƙwayoyin fata ya toshe ƙofar gashin. Idan ƙofar a rufe take sai a ga farin kai, idan kuma a buɗe take iska ta taɓa abin da ya toshe ta sai ya yi baƙi, don haka baƙin kan nan ba datti ba ne, kuma dirza ba ta fitar da shi. A cikin toshewar akwai wata ƙwayar cuta da ke zaune a fatar kowa, wadda idan ta sami maiƙo a rufe takan yawaita, jiki ya tashi yaƙarta, a sami kumburi da zafi da mugunya. Ya ce abin yana bin jini, wanda iyayensa suka yi fama da shi ya fi kusa da samu, kuma kusan kashi 85 cikin 100 na matasa tsakanin shekara 12 zuwa 24 suna samunsa ko kaɗan ko da yawa. Yayana ya tambaye shi maganar aure, likitan ya ce yawancin mutane ƙurajensu kan lafa ne bayan sun haura shekara 20, wanda shi ne lokacin da ake yi wa da yawa aure, shi ya sa ake ba auren ladan da ba nasa ba.

Rabuwa da man haɗin shi ne mafi wuyar abin da na taɓa yi wa jikina. Likitan bai yarda in yanke shi rana ɗaya ba, ya mayar da ni kan wani mai rauni na ɗan lokaci, ana rage yawan shafawa har aka daina, kuma ya faɗa mini tun farko cewa fuskar za ta ƙara lalacewa kafin ta gyaru, kada in tsorata in koma. Haka kuwa aka yi. Fuskata ta yi duhu fiye da kalata ta haihuwa, ta riƙa saɓa tana ƙaiƙayi, mutanen unguwa suka fara cewa asibiti ya ƙarasa ni, gwaggo ta aiko da sabuwar roba, Baba ya ce a mayar mata da godiya. Da ba don an riga an gaya mini abin da zai faru ba, ban ga yadda zan iya jurewa ba, shi ya sa nake ganin bayanin da likita zai yi wa matashi yana daidai da rabin maganin.

Ya rubuta mini kafson doksisaikilin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, na wata uku, ya ce in sha da cikakken kofin ruwa, kada in kwanta nan take bayan na sha domin yana iya tsayawa a maƙogwaro ya ƙona shi, kuma in raba shi da nono da maganin ƙarin jini da maganin gyambon ciki da kamar awa biyu, saboda suna rage shigarsa jiki. Azumin shekarar ya kama a ƙarshen Satumba, a gidanmu kuwa da fura da nono ake sahur, don haka na mayar da shansa bayan buɗa baki, kafin a tafi asham. Bayan fatar ta ɗan huce ya ƙara mini da na shafawa, benzoyil feroksayid, wanda ke kashe ƙwayar cutar, ya ce ba a barin kafson kashe ƙwayoyin cuta irin doksisaikilin shi kaɗai ko a yi ta shansa babu iyaka, domin ƙwayoyin kan saba da shi ya daina aiki. Daga baya ya kawo tiretinoyin na dare, wanda ke buɗe toshewar ya hana sabuwa samuwa. Ƙa'idar shafawar ita ce a ɗebi kamar ƙwayar wake ɗaya a shafe duk wurin da ƙuraje ke fitowa, ba kan ƙurjin kaɗai ba, a fara da tsallake kwana har fata ta saba, a kauce wa gefen ido da leɓe. Na tambaye shi batun alwala, ya ce ruwa ba ya ɓata komai, in shafa na dare bayan sallar isha'i, in wanke da asuba, sabulu kuma sau biyu a rana ya isa, marar ƙarfi, da tafin hannu, babu soso. Abin da ya manta bai gaya mini ba shi ne benzoyil feroksayid yana cin kalar tufafi, sai da hijabaina biyu da rigar matashi suka yi dabbare-dabbare na gane, na koma amfani da farin tawul da tsohon ɗankwali idan zan kwanta.

Wata na farko ban ga komai ba sai bushewa da saɓa. A ƙarshen wata na biyu na lura sababbin ƙuraje sun ragu, a wata na uku kuma na wayi gari na shafa kumatuna ban ji tudu ba. Wannan jinkirin shi ne yake kayar da yawancin mutane, domin maganin gaskiya yana buƙatar mako 6 zuwa 8 kafin a fara ganin alama, mako 12 kafin a yanke masa hukunci, shi kuwa man haɗi cikin kwana biyar yake nuna nasa. Uwar da ta sayi na asibiti da tsada ta ga mako biyu babu canji, ga maƙwabciya tana nuna mata fuskar 'yarta tana sheƙi, ba abin mamaki ba ne ta canja hanya.

Maganar abinci ma mun yi ta da likitan. Ya ce babu wata hujja mai ƙarfi da ta ɗora laifi a kan gyaɗa ko ƙuli-ƙuli, abin da bincike ya fi nunawa shi ne kayan zaƙi da lemon kwalba da farin burodi da duk abincin da ke ɗaga sukarin jini da sauri suna iya ƙara wa wasu, haka ma yawan madara. Yayana ya ce to ai farar shinkafa ma tana ciki, likitan ya yi dariya ya ce shi bai isa ya raba mutumin Kabi da tuwon shinkafa ba, a dai yawaita ganye da wake da kifi a gefe. A ranar na ci ƙuli-ƙuli a tasha bayan shekaru ana hana ni.

Baƙaƙen tabban sun fi ƙurajen taurin kai. Fatarmu ta baƙar fata tana saurin tara duhu a duk inda aka yi kumburi, rana kuma tana ƙara masa, don haka aka sa ni shafa man kariya daga rana da safe, abin da a lokacin ake yi mini dariya a kansa ana cewa na Turawa ne. Sun dushe a hankali cikin fiye da shekara guda. Ramukan da manyan ƙurajen suka bari a kumatuna na hagu kuwa suna nan, hoda ba ta cike su, kuma fatar wurin ba ta koma kaurinta na da ba. An yi mini aure a 2008, kuma ina shaida wa duk mai son ji cewa ƙuraje sun ci gaba da leƙo ni a haɓa duk wata kafin al'ada, da auren da komai. Kafin bikin, likitan ya tsayar da tiretinoyin, ya gargaɗe ni cewa shi da doksisaikilin ba na mai ciki ba ne ko mai neman ciki, ya mayar da ni kan asid azelayik, wanda ba shi da wannan matsalar kuma yana taimakawa wajen tabo. Wannan gargaɗi ya kamata ya isa kunnen duk uwar da ke shirin aurar da 'yarta tana kan magani, domin a wurinmu tazarar da ke tsakanin ƙurajen balaga da cikin fari ba ta da yawa.

Ɗana na fari ya cika shekara 14 a 2023, kuma a shekarar na ga goshinsa ya fara. Kunyar ɗan fari ba ta bar ni na kira shi na zaunar da shi ba, ko sunansa ba na kamawa, balle in riƙe fuskarsa ina dubawa a gaban mutane. Amma na lura ya fara jan hula har gira, ya daina cin abinci tare da ƙannensa, na kuma tsinci rabin lemun tsami a tagar ɗakinsu. Sai na bi ta wajen mahaifinsa. Maigidana da farko ya ce namiji ne, me zai yi da fuska, shi ma ya yi nasa sun wuce. Na ce masa, “Malam, dubi kumatuna, wannan ramin ba ya tambayar mace ko namiji.” Na ƙara masa da cewa na maza ma sun fi yin tsanani, saboda sinadarin da ke tayar da su ya fi yawa a jikinsu, kuma su ne suka fi samun na baya da ƙirji, inda tabo kan kumbura ya yi tudu ga mai irin wannan fata. Washegari ya ɗauke shi a babur suka tafi asibiti.

Nasa bai kai ga shan kafso ba, tunda an tare shi da wuri. An ba shi adafalin na dare, wanda ɗan'uwan tiretinoyin ne amma bai kai shi ƙona fata ba, da benzoyil feroksayid mai ƙarfin kashi 2.5 cikin 100, likitar ta ce wannan yana aiki kusan daidai da mai kashi 10 kuma bai kai shi busar da fata ba. Ta hana shi man gashi mai kauri da yake shafawa yana gangarowa goshi, ta ce idan hunturu ya shigo kada ya laɓta basilin a fuska, ya nemi mai marar maiƙo, ya riƙa wanka da canja riga da zarar ya dawo daga ƙwallo, ya kuma gaya wa mai aski kada ya bi ta kan ƙurji da reza. Aikina shi ne tsaron lokaci. Na rubuta ranar da ya fara a jikin kalanda, na gaya wa ƙanena, wanda shi ne kawun da yake sakewa da shi, ya riƙa tuna masa cewa sai an yi wata uku za a san ko ya yi. A mako na uku fuskarsa ta yi saɓa ya so ya watsar, kawun ya lallashe shi ya koma tsallake kwana. Abin da ya fi ba mu wahala shi ne kuɗi, domin bayan cire tallafin man fetur da faɗuwar naira a shekarar magunguna sun yi tashin gwauron zabo, akwai watan da sai da muka aika Sakkwato kafin a samu, kuma ban yarda a saya a hannun masu talla a mota ko a waya ba, sai a kantin magani mai rajista inda zan duba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, da ranar lalacewa da idona.

A makaranta ba ni da ikon rubuta wa kowa magani, kuma ba na yi. Abin da nake yi shi ne idan mun zo darasin fata da na balaga ina tsayawa a kai fiye da yadda manhaja ta tanada, in yi musu zanen nan a allo, in faɗa da babbar murya cewa ƙuraje ba su da alaƙa da tarbiyyar yarinya ko abin da ke zuciyarta. Ina gaya musu su riƙa wanke hijabi da niƙabi akai-akai, su zaɓi yadi marar kauri a lokacin zafi, domin gumi da gugar yadi a haɓa da gefen fuska suna tayar da ƙuraje a daidai inda ɗinkin ke zama. Ina kuma karanta musu sunayen da za su duba a jikin kwali, kilobetasol da betametason da haidirokwinon da zaiba, in gaya musu haidirokwinon idan aka daɗe a kansa yana barin wani baƙi a saman kumatu wanda yake da wuyar fita, zaiba kuwa ƙoda take taɓawa. A 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Nijeriya, amma yawancin yaran da nake gani ba neman fari ya kai su ba, ƙurji ne da tabonsa, kuma robar da ake ba su ba ta da kwalin da za a karanta.

Akwai waɗanda nake kiran iyayensu kai tsaye ba tare da jiran ranar ziyara ba. Ta farko ita ce yarinyar da ƙurajenta manya ne masu zurfi da suka fara barin rami, domin kowane watan da aka ƙara tabo ne na har abada, kuma akwai maganin sha mai ƙarfi, aisotiretinoyin, wanda ake yi wa irin wannan na wasu watanni, sai dai likitan fata kaɗai ke bayar da shi tare da gwajin jini, kuma yana nakasa jariri ƙwarai idan aka sami ciki a kansa, don haka ba abin karɓa a kemis ba ne. Ta biyu ita ce wadda ƙurajen suka haɗu mata da rikicewar al'ada da gashi a haɓa da ƙiba, wadda take buƙatar likitan mata ya duba ƙwayayen haihuwarta da sinadaran jikinta. Ta uku ita ce wadda ta daina magana da kowa, makinta ya faɗi, ko da ƙurajen nata ba su da yawa a idona. A zangon da ya wuce na kira mahaifiyar wata 'yar aji biyar daga wajen Jega a kan irin na biyun, ta zo tana cewa an riga an sa ranar auren yarinyar bayan jarrabawa, komai zai daidaita. Mun daɗe muna magana a ofishin shugabar makaranta kafin ta amince ta kai ta asibiti a hutun, kuma da aka dawo yarinyar ta kawo mini katinta da takardar gwajin da aka rubuta mata, an ce ta koma bayan wata uku.